Babi na Bakwai: Gadon Tashar da Jirgi Ya Daina Zuwa

Layukan dogo huɗu ne suka nufo ƙasar Nijar a ƙarni na ashirin, kuma duka huɗun sun cije kafin su iso iyaka. Na Kwatano ya kai Faraku a 1936, ya tsaya. Na Abijan, wanda Faransawa suka raɗa wa suna Abijan–Nijar, ya iso Wagadugu a 1954, sai a zamanin Thomas Sankara, daga 1985, mutanen Burkina suka shiga shimfiɗa shi da hannunsu, aka tura shi zuwa Kaya, nan ma ya tsaya. Daga Najeriya kuwa rassa biyu ne: ɗaya ya bar Zariya ya ƙare a Ƙaurar Namoda a 1929, ɗayan ya bar Kano ya ƙare a Nguru a 1930. Da an ƙarasa na Kaya yadda aka daɗe ana zanawa a takarda, ya bi ta Dori da Tera, to ta gefen Harobanda, gaɓar dama ta kogin Kwara, zai tunkaro Yamai, tunda wannan gaɓa ta kogi ita ke fuskantar Burkina. Ba a yi ba. Saboda haka ɗan Harobanda da ke son sanin abin da tashar jirgi ke bari idan ta mutu, dole ya leƙa maƙwabta, sannan ya juyo ya dubi tashar da aka gina masa a tsallaken kogi a 2014. Wanda ya auna biyun zai ga cewa gadon tasha yana bin yawan kayan da aka taɓa saukewa ko aka loda a farfajiyarta. Ginin da ƙarfen su ne mafi ƙarancin daraja a cikin abin da take bari.

Rushewar ƙaramar tasha tana da tsari, kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina a Arewacin Najeriya. Wayar tarho ce ke fara tafiya, don jan ƙarfe na da kasuwa. Sai ƙyamare da tagogin ofis, sai kwanon rufin sito, wanda iskar farkon damina ke yaye ɗaya, maƙwabta su taya ta da sauran. Dogon kansa ya fi jurewa saboda nauyi, haka ma ƙarafan da aka gitta a ƙarƙashinsa, waɗanda Turawa suka fi so a kan katako don gudun gara, amma tun da kamfanonin narka ƙarfe suka yawaita 'yan gwangwan sun koyi yanka shi da wuta cikin dare. Abin da ke daɗewa shi ne wanda ba ya ɗaukuwa: dakalin siminti inda fasinjoji ke jira, ƙafafun tankin da ake shayar da kan jirgi mai tururi, ƙananan gadoji da kwalbatoci, da tudun ƙasar da aka ɗora layin a kai, wanda ke ratsa gonaki a miƙe ko da ba ƙarfe ko ɗaya a bayansa. Gidajen ma'aikata ba sa zama kango, kullum da mai kwana a ciki, ko tsohon ma'aikaci mai jiran fansho ko wanda ya gaje shi. Farfajiyar da aka share don juya tarago takan koma filin ƙwallo, ko wurin shanya barkono, ko garejin kanikawa. Mai neman kayan tarihi zai tsaya a nan ya ce ga abin da ya rage. Ya yi kuskuren wurin dubawa, don babban abin da ya rage yana bayansa, wato garin da ya ratso kafin ya iso.

Reshen Ƙaurar Namoda, mai tsawon kilomita 220 da 'yan kai, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, kuma kaɗa da gyaɗa aka yi shi dominsu. Ingilishi sun shigo da dogo Kano a 1911 da burin samun auduga don masaƙun Lankasha, sai manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, daga 1912 ta cika tashar har ta rasa wurin zuba ta. Darasin ya shiga, shi ya sa rassan da aka ƙara daga baya suka nufi ƙasar noma kai tsaye. A Funtuwa kamfanin auduga na Ingila ya kafa injin gurza. A ƙarshen layi kuwa, kaka na yi farfajiyar tasha ke cika da jakai da raƙuma, ana sauke taiki, ana juye gyaɗa a buhu, a ɗora a sikeli, malamin awo ya rubuta, 'yan dako su jera buhunan har su yi tsiri suna jiran tarago. Kowane mataki a nan abincin wani ne: mai ɗinkin buhu, dillali, fatoma mai saukar da baƙi, mai tuwo, mai sayar da harawa ga masu dabbobi, maƙerin da ke gyara ƙafar amalanke. Kuma ba gyaɗar Zamfara kaɗai ake aunawa ba. Maraɗi ba ta kai kilomita 150 daga Ƙaura a miƙe ba, kuma shekaru da dama gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta Najeriya take fita zuwa teku. Wannan ne ya dami Faransawa har suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle a shekarun 1950, inda aka riƙa tallafa wa manyan motoci su kwashi gyaɗar Nijar zuwa Faraku su dawo da kayan kanti, don a raba ta da dogon Ingilishi. Wani ɓangare na arzikin alhazan Maraɗi na farko a bakin waɗannan tashoshi na Najeriya aka ƙulla shi.

Mutuwar ba ta da wani sirri. A 1964 hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya ta ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3, daga nan sai gangara. Kwalta ta yaɗu, mota ta riƙa zuwa har ƙofar gona. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin fetur ya sa gwamnati ta daina damuwa da abin da manomi ke fitarwa, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Reshen da aka yi don buhu, buhu ya daina zuwa. An ba da kwangilar gyara layin Zariya zuwa Ƙaura a zamanin Goodluck Jonathan, amma zirga-zirgar ba ta ɗore ba, ga kuma ta'asar 'yan bindiga da ta mamaye dazukan da yake ratsawa.

Duk da haka Funtuwa ba ta koma ƙauye ba, Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, Ƙaura ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983. Dalilin a fili yake idan aka bi shi daki-daki. Shekara arba'in na lodi da sauke sun sa hanyoyin ƙauyuka duk sun karkato sun fuskanci tasha, kuma da aka zo zuba kwalta waɗannan hanyoyin aka bi. Kasuwa ta zauna, ranar cinta ta shiga kan mutane. Yarbawa da Ibo da suka zo aikin reluwe ko ciniki sun kafa unguwanni, kantunan Kwarori da na kamfanonin Turawa sun bar gine-gine da yaran shago da suka koyi harka suka zama iyayen gidan kansu. Wanda ya riga ya gina gida da shago ba ya tashi don jirgi ya daina zuwa, sai dai ya sayi mota. Masana tattalin arziki sun auna wannan. Remi Jedwab da Alexander Moradi, a wani nazari da suka buga a 2016, sun nuna cewa garuruwan da dogon mulkin mallaka ya raya a Gana da sauran ƙasashen Afirka sun ci gaba da fin maƙwabtansu yawan jama'a da harka bayan jiragen sun durƙushe. Wani nazarin na Okoye da Pongou da Yokossi a kan Najeriya, na 2019, ya gano cewa tasirin ya fi ƙarfi a Arewa, inda kafin dogo babu wata hanya mai sauƙi ta kaiwa bakin teku.

Mai musu zai ce waɗannan garuruwa sun girmi jirgi, kuma Bature ba wawa ba ne, inda ya ga jama'a da kasuwa nan ya kai layinsa, saboda haka ana yaba wa tasha abin da ta tarar. A kan Ƙaura yana da ƙamshin gaskiya, tunda gari ne na zamanin jihadi, mai ɗauke da sunan Namoda, jagoran Alibawa, fiye da shekara ɗari kafin a ji kukan jirgi. Gusau ma haka. Amma a dubi reshen Nguru. Layin bai shiga Haɗeja ba, babban birnin masarauta mai ganuwa da tarihi, ya wuce ta arewa da ita, aka yi tasha a Malam Madori. Can masu sayen gyaɗa suka kafa sikelinsu, can 'yan kasuwa suka tare, wurin ya tashi daga ƙauye ya zama gari, yau hedikwatar ƙaramar hukuma ce. Jedwab da Moradi ma sun rufe wannan ƙofa da dabara mai kyau: sun ɗauko layukan da Turawa suka zana a Gana amma ba su gina ba, suka duba garuruwan da ke kansu, ba su ga irin wannan bunƙasa ba. Da a ce zaɓen wuri ne kawai sirrin, da waɗannan ma sun tashi.

Sai dai ba kowace tasha ke barin gari ba, kuma a nan hujjar take ƙara fitowa. Layin da aka rufe ƙurmus a Arewa shi ne ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos, wanda tazarar ƙarafansa kimanin santimita 76 ce kawai. Ya kai Rahama a 1912, ya ƙarasa Bukuru a 1914, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre. Kuza aka yi shi dominta, don kafinsa a ka da bayan jaki ake kai ta Loko a bakin Binuwai. Da babban layi daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuzar ta sauya hanya, ƙaramin jirgin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafan. Yau mai son ganinsa sai ya je gidan tarihi na Jos, inda aka ajiye kan jirgi da tarago. Jos da Bukuru, inda ake lodi, sun zama abin da suka zama. Tashoshin tsakiya kuwa kallon kuza suka yi tana wucewa. Rahama, wadda ta taɓa zama ƙarshen layi, ba ta kai ko kusa da maƙwabciyarta Saminaka ba, wadda titin mota da kasuwar masara suka ɗaga. Wucewar jirgi ta gari bai isa ba, sai kaya sun taɓa ƙasa, an biya wani ladan ɗauka.

Da wannan ma'auni ya kamata a dubi tashar Yamai. An buɗe ta ranar 7 ga Afrilu 2014, shugaba Mahamadou Issoufou na tsaye tare da Boni Yayi na Benin da Faure Gnassingbé na Togo da attajirin Faransa Vincent Bolloré, wanda kamfaninsa ya ɗauki aikin. Ranar 29 ga Janairu 2016, saura 'yan makonni zaɓe, aka ƙaddamar da layin har Doso, kilomita 143 a gefen babbar hanyar da ta bi ta Kure da Birnin Gaure. Bayan bikin jirgin bai shiga jigila ba. Ga tasha sabuwa, da rufinta da fentinta, wadda ta fi ta Ƙaura kyan gani nesa ba kusa ba, amma ba ta haifi kasuwa ba, ba ta haifi unguwa ba, ba wani dillali ko ɗan dako da zai ce a nan ubansa ya samu jari. Abin da mazauna unguwannin hanyar filin jirgin sama suka sani game da dogo shi ne ƙarfen da aka shimfiɗa musu a bakin titi ya hana su tsallakawa yadda suka saba.

Masu kare aikin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce shari'a ce ta kashe shi: ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce shi aka fara bai wa aikin, kotun ɗaukaka ƙara ta Kwatano ta ba shi gaskiya a Nuwamba 2015, kotun ƙoli ta tabbatar a 2017, aikin ɓangaren Benin ya tsaya cik. Da an haɗe da Faraku, in ji su, da kayan tashar ruwan Kwatano sun cika taragu, da yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka daɗe ana kaiwa Faraku a mota kafin a ɗora shi a jirgi, ya hau tun daga Doso. Wannan gaskiya ne, amma yana tabbatar da maganar ne. Tsakanin Doso da Faraku akwai giɓin fiye da kilomita 400, da kogin Kwara da sai an yi masa gada a Gaya, kuma wannan giɓin shi ne aikin. Duk layukan da suka taɓa raya gari a yankin nan daga teku ko tashar kogi ko babban layi suka taso, kowace tasha da aka buɗe tana haɗe da kasuwar duniya tun ranar farko. Na Yamai an fara gini ne daga rufi. Tsakanin Yamai da Doso kawai babu kayan da mota ba ta kaiwa cikin sa'o'i kaɗan ba tare da an sauke an sake lodi ba, kuma wanda ya tsara a fara daga nan ranar biki yake kallo. Ko da Dossou bai je kotu ba, da tashar ta zauna shiru har ranar da aka cike giɓin.

Harobanda kanta ita ce shaidar ɗaya gefen. Kafin gadar Kennedy ta 1970 gaɓar nan ƙauyuka ce irin su Lamorde da Kirkisoy, ana ƙetarawa da jirgin ruwa. Gada ta zo, jami'a ta zauna, hanyar Torodi ta zama mashigar kayan Lome da Tema da Abijan, aka kafa ofishin duwan, wato kwastan, na wannan gaɓa. A kewayensa akwai duk abin da farfajiyar Ƙaura ta taɓa tarawa: manyan motoci a jere an lulluɓe su da tamfol, karen mota kwance a tabarma ƙarƙashin tirela yana gadin kaya, mai shayi da teburinsa, mai faci, masu cike takardun fito riƙe da jakunkuna, 'yan dako na jiran a kira su. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan Lome suka koma bin Kaya da Dori da Tera cikin ayari da rakiyar soja, wato hanyar da aka zana wa dogon da ba a gina ba. Ko gobe aka ɗauke ofishin duwan daga nan, unguwannin da suka taso ba za su watse ba.

Akwai kuma masu cewa duk wannan kewar mulkin mallaka ce, tunda rassan nan bututu ne na zuƙe amfanin talaka zuwa Turai a farashin da Bature ya ga dama. Ba wanda zai musa manufar, kuma taswirar kanta ta tona ta: babu layi ɗaya da ya haɗa Sakkwato da Katsina, ko Maraɗi da Damagaram, duk teku suka fuskanta, kuma kowane mai mulki da faɗin ƙarfensa, na Faransawa mita ɗaya, na Ingilishi mita ɗaya da milimita 67, yadda ko sun haɗu tarago ba zai ƙetara ba. An kuma shimfiɗa da yawansu da aikin tilas. Amma niyyar mai gini daban, abin da mutanen wuri suka yi da ginin daban. Alhassan Dantata bai jira izinin kowa ba kafin ya mai da tashar Kano tushen arzikinsa, kuma kan dogon da aka yi don gyaɗa goro ya hau zuwa Arewa, shanu suka gangara Kudu.

Yanzu layi na biyar ya nufo Nijar. A Fabrairu 2021 Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal, kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Ya fi na Doso hujja, don yana ratsa ƙasa mai cike da jama'a, tsakanin birane biyu da suka shekara ɗaruruwa suna ciniki. Amma faɗinsa na zamani ne, mita ɗaya da milimita 435, bai dace da tsohon layin Kano ba balle na Doso, kuma ba zai ga teku ba sai an kammala sashen Kaduna zuwa Kano da kuma na Ibadan zuwa Abuja. Idan ba haka ba, shi ma tsibiri ne, sai dai ya fi na Doso tsawo. Tambayoyin da suka cancanci a yi wa masu aikin tun yanzu ƙanana ne: a Kazaure da Mashi da Jibiya, an ware fili da sito da sikeli inda wake da albasar Galmi da dabbobi za su hau, ko kuwa zauren fasinja kawai aka zana, nawa za a caji tan ɗaya idan aka gwada da tirela, kuma a ina duwan da kwastan za su duba kaya, a kan iyaka ko a Maraɗi. Funtuwa ta samu tashar tsandauri a 'yan shekarun nan, kuma tsohon layin 1929 na cikin hujjojin da aka kafa wajen zaɓen ta, ga shi kuwa har yanzu tirela ce ke kai mata kwantena.